Mai Gora a Bakin Mashigi

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum, Baba. Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Na san wannan takarda ba za ta je hannunka ba. Ko da kana raye ma, miƙo mini ita za ka yi ka ce in karanta maka, kana gyaran igiya kana yi kamar ba ka saurare.

Gida lafiya. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, kuma har yau ba ta yarda wani ya ɗora mata tukunya. Masarar fadama ta yi kyau bana, ta tudu ce dai tsutsa ta taɓa. Yaya Musa ne ke tsaye a mashigi yanzu da gorarka. Ya iya saɓa babur a kafaɗa ya ƙetare da shi, amma surutunsa ya yi yawa, kai kuwa sai mutum ya kai tsallake bai ji muryarka ba. Jauro Bello makiyayi har yanzu ba ya tura shanunsa cikin ruwa sai ya tambayi Yaya Musa.

Na gama makaranta, Baba. Ka tuna kana tsokanata wai an kai ni Kano koyon kwamfuta na dawo da latse-latsen waya? To, da latse-latsen nan na ci jarrabawar ƙarshe. An ce kowa ya ƙirƙiro wani abu, ni kuma na haɗa gem, irin wasan nan da yara ke bugawa a waya. Duk gem ɗin da na taɓa bugawa, mai bugawa shi ne jarumi. Shi aka haifa don ya ceci gari, shi ke da takobi, sauran mutane kuwa suna tsaye a gefen hanya suna jiran ya wuce. A nawa akwai jarumin, da jan babur ɗinsa da takobinsa, kuma da gaske shi zai ceci garin. Amma mai bugawa ɗan fito ne a bakin rafi, ba shi da komai sai gora.

Na san ka gane inda na dosa. Yaya Musa kake koya wa karatun ruwa, amma ina kan dutse ina wanki, kunnena na wajenku. In ɗanyen ganye da jar kumfa suka fara tahowa, an yi ruwa a duwatsun Riruwai, ko da nan rana ake ƙwallawa, kuma babban ruwa yana bayansu. Haka na sa a gem ɗin. Jarumi zai iso a guje ya ce a ƙetare da shi yanzun nan. In ka ga ganyen ka biye masa, ruwa ya tafi da ku, gari ya halaka. Sai ka hana shi, ka tsaya yana zaginka, har ruwa ya zo ya wuce. Wani malaminmu ya tambaye ni wa zai buga wasan da cin sa shi ne a zage ka ka yi shiru. Na ce masa sana'ar babana ce. Ya karɓi wayar, ya nutsar da jarumin sau biyu, ya yi dariya ya ba ni maki mai kyau. Wallahi, Baba, ban taɓa jin daɗin faɗin sana'arka kamar ranar ba.

Don a da ba na faɗa. In an tambaye ni a makaranta, cewa nake babana manomi ne.

Akwai kuma wadda ta fi wannan nauyi. Ina shekara goma sha biyu ranar da ƙaninka, Baffa Sabo, ya zo mashigi da takardunsa a leda, zai tafi Kano tantancewar shiga soja. Gari ya waye tas, ruwa iya cinya. Ka dubi rafin, ka zare makullin babur ɗinsa ka sa a aljihu, ka zauna kan dutse. Ya roƙe ka, ya haɗa ka da Allah, daga baya ya kira ka matsoraci mai baƙin ciki a gaban mutane. Ruwan ya zo, amma sai da ya jima, har Baffa yana cewa da ya ƙetare sau goma. Ruwan bai sauka ba sai la'asar. Da Baffa ya isa Kano an rufe tantancewar, shekarar da ta biyo kuma shekarunsa sun wuce. Ya koma facin taya a Tudun Wada, bai sake yi maka magana ba har ka koma ga Allah. Ranar jana'izarka a sahun baya ya tsaya, ana sallamewa ya tafi, ko zaman makoki bai yi ba.

Da yammar ranar mashigin ni na kai maka tuwo. Na dire kwanon na ce Baffa ya fi ka gaskiya, tsoro ka ji. Ka dube ni, ka ce in kawo ruwan wanke hannu. Me ya sa ba ka mare ni ba, Baba? Da ka yi, da na samu abin riƙewa. Shekara goma sha ɗaya muna gida ɗaya bayan haka, kullum ina cewa gobe zan ba ka haƙuri.

Da na zo hutun Sallah na tura wa yaran dangi gem ɗin, ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har ya faɗa cikin ta Baffa Sabo. Matarsa ce ta gaya wa Inna cewa ya wuni a rumfar faci yana bugawa, masu babura suna jira yana ce musu su dawo anjima. Sau huɗu yana ƙetarewa da jarumin, sau huɗu ruwa na cinye su.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, sai muka ji sallamarsa a zaure. Inna ta zaci kunnenta ne. Ya shigo ya durƙusa a gabanta, ya yi mata ta'aziyyarka, shekara biyu bayan rasuwarka. Sannan ya ce ya ga ganyen a ranar da ka hana shi ƙetarewa. Ya ce da idonsa ya gan su suna wucewa ta gefen tayarsa, ɗanyu shar, kuma ya san ma'anarsu, don uba ɗaya ya koya muku. Ya tambaye ni ko jarumin yana gode wa ɗan fito in an jira an ƙetare lafiya. Na ce a'a, wucewa yake yi ko waiwaye babu. Ya ce in bar shi haka, kada in gyara.

Da zai tashi ya ce yana da saƙo, amma bai san wanda zai ba ba. Na ce ya ba ni.

Ya ce ka yafe masa, Baba. Ni ma ka yafe mini. Duk shekarun da ka yi a bakin ruwan nan ba a taɓa tsamo gawar wanda ka ɗauka ba, kuma a ko'ina aka tambaye ni yanzu zan faɗi ko 'yar wa ce ni.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu a Aljanna.

'Yarka mai taurin kai,
Bilki, 'yar ɗan fito