Gahawar da Ban Sha Ba

Mafrak, farkon zafi

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum Yumma. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki? Yaya Hamad da iyalinsa, da 'yan tumakin da suka rage? Nofa ce take rubuta min, mai koya wa mata ɗinki a wurin aikinmu. Na ce ta sa shi yadda ya fito daga bakina. Hamad, in za ka karanta mata ka matsa wajen kunnen da ke ji.

Yumma, rufe mana wurin aiki za a yi. Ƙungiyar agajin da nake yi wa shara wai masu ba su tallafi sun janye hannu, za a haɗe reshenmu da na Irbid, a kwashe komai. Wallahi ba tsintsiyar nake wa kuka ba, ko gonar tumatir na shiga. Firijin nake wa kuka.

Kin san allurar sugan Sidra ba ta son zafi. A firijin ofis nake ajiye ta, shi ke da sola. Tantinmu kuwa babu wuta, da rana ko ƙwai kika ajiye sai ya dahu. Abin da ban taɓa gaya miki ba, kafin in samu aikin nan maganin ya taɓa lalacewa a hannuna. Ina yi mata, ashe ruwa nake tsira mata. Ta yi ta shan ruwa tana fitsari, bakinta yana warin ruɓaɓɓen tuffa, sai kawai ta sulale. A kafaɗa na kai ta titi. Yarinya 'yar shekara huɗu, Yumma.

To sun ɗauko hayar wata mata daga Amman, Ustaza Maisun, wai aikinta ta taya ma'aikata jure sauyin. Ta tara mu ta zana wani kwari a allo. Ta ce kowa sai ya bi ta nan, da farko ka ƙi yarda, sai fushi, sai baƙin ciki, sannan ka haura ka dangana. Abu Nayif, tsohon da ke gadin ƙofa, ya ce, "Ustaza, ni a ajiye ni a tashar fushi, ina da 'yan uwa a can." Aka yi ta dariya, har ita. Sai ta kawo ƙwallo, wanda aka jefa wa ya faɗi abin da ke ransa. Da ta faɗo a cinyata na ce firiji. Suka sake fashewa, direbanmu yana cewa Ummu Sidra kankana take ɓoyewa a ciki. Ita dai ba ta yi dariya ba, ta ce in same ta ni kaɗai.

Baban Sidra yana Akaba wajen gini, in na kira sai ya ce Allah zai kawo mafita. Na sani. Amma zafi yana tahowa.

Ki sa mu a addu'a. Sidra ta ce a gaya miki ta iya kirari irin naki in tana kiran kaji.

'Yarki,
Tarfa


Mafrak

Yumma ta,

Bayan gaisuwa da fatan jiki ya yi sauƙi. Na ji saƙonki ta bakin Hamad, batun tulu. Na gwada. Na sa tulu cikin tulu, na zuba yashi a tsakani ina jiƙawa. Da safe yana sanyi, amma azahar na yi sai in sa hannu in ji ɗumi. Likitan asibiti ya ce yana taimakawa, amma ba a cikin tantin leda ba, ba kuma a zafin da ke zuwa ba. Na je gidajen gari wajen masu wuta, in roƙi su ajiye min maganin a firijinsu. Wata ta ce in yaranta suka sha fa? Wata ta leƙo ta taga ta ce ba ta nan.

Yumma, na yi wani abu, kar ki yi min faɗa. Kin tuna yadda Baba yake yi in ya je neman alfarma, a zuba masa gahawa ya ajiye finjalin a ƙasa, ba zai sha ba sai mai gida ya ce sha, buƙatarka ta biya? Na san na maza ne. To ina namijin? Da na shiga wurin Ustaza Maisun ta zuba min gahawa da hannunta. Na karɓi finjalin, na dire shi a gabanta.

Na ɗauka 'yar birni ce ba za ta gane ba. Ashe 'yar Karak ce, garin masu riƙe al'ada, a gidan kakanta ta tashi. Ta dubi finjalin ta dube ni, fuskarta ta canja. Ta ce, "Haba Ummu Sidra, ni za ki ɗaure?" Na ce ba ni da wanda zan ɗaure sai ke. Na kwashe komai na gaya mata.

Ta ce ita baƙuwa ce a nan, ko kujerar da take kai ba tata ba ce. Firijin kayan ƙungiya ne, ba a ba mutum ɗaya, sito za a kai shi. Ita abin da aka ɗauko ta yi shi ne ta saurare mu, ta koya mana neman wani aikin, ta kai kukanmu sama. Na ce to ki ce in sha mana, Ustaza, ko don in samu in yi barci. Ta ce, "Wallahi ba zan ce ba. In na ce sha alhali ba a hannuna yake ba, na ci amanarki, na ci ta kakana."

Na fito na bar finjalin a nan. Na zauna bayan tankin ruwa na yi kuka har Abu Nayif ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Tashi 'yar nan, kin yi abin da mu masu gashin baki muka kasa."

Washegari da na shiga shara finjalin yana inda na bar shi. Na kai hannu zan ɗauke, ta ce kar in taɓa. Har yanzu yana nan, gahawar ta yi fata a sama. Ta buga waya Amman a gabana, aka ce a'a. Ta sake bugawa, aka ce ba huruminta ba ne.

An fara kwashe kaya. Kekunan ɗinkin Nofa sun tafi, ga ta nan tana rubutu tana share hanci. Sun liƙa wa firijin wata takarda ja, duk abin da aka liƙa wa ita tafiya zai yi. Kullum in na buɗe shi sai in daɗe a tsaye sanyin yana dukan fuskata. Jiya Sidra ta tambaye ni, in an tafi da shi a ina allurarta za ta kwana? Yumma, me zan ce mata? Ke da kika binne 'ya'ya biyu, gaya min yadda ake yi, don ni ba zan iya ba.

Ki yafe min in na tayar miki da hankali.

Tarfa


Mafrak, bayan an rufe

Yumma,

Ina gaisuwa. Allah ya sa wannan ta same ku lafiya. Sidra lafiyarta ƙalau, na fara da wannan don ki saki ranki.

An yi taron sallama. Ustaza Maisun ce ta shirya, wai yana cikin aikinta, kar a watse kamar an kori kaji. Babban shugaban ya zo daga Amman, wani Bature dogo mai Larabci a karye. Motar kwasar kaya tana bakin ƙofa, an riga an cire firijin daga wuta. Maganin yana cikin jakata, na naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ina ta taɓawa.

Sai Ustaza ta ce masa a al'adarmu mai gida ne ke zuba wa mutane gahawa da hannunsa. Ya ji daɗi, ya ɗauki buta yana bi yana zubawa, har yana miƙawa da hagu, Abu Nayif yana gyara masa. Ni ban san an ƙulla komai ba. Abu Nayif ne ya fara dire finjalinsa a ƙasa. Sai Nofa. Sai direban nan mai tsokanata da kankana. Sai kowa, har masu digiri. Ita ma Ustaza ta karɓa ta dire.

Baturen ya tsaya da buta a hannu, ya ce ko gahawar ba ta yi daɗi ba ne? Abu Nayif ya ce, "Gahawarka lafiya lau, ranka ya daɗe. Mu mutum ashirin ka sallama, ba wanda ya ce maka uffan. Abu ɗaya muke roƙo, kuma ba namu ba ne." Ustaza ta fassara masa sauran. Na ga wuyansa ya yi ja, ya dube ta irin kallon za mu haɗu. Ya ce akwai doka. Ba wanda ya taɓa finjali. Sidra ta zame daga jikina ta je ta jingina da firijin kamar yadda take yi in zafi ya dame ta. Ban aike ta ba, wallahi.

Ya fita ya yi waya ya daɗe. Ya dawo ya ce ba zai iya ba ni ba. Amma zai bar shi aro a ɗakin limamin unguwarmu, da farantan sola biyu, don duk mai magani, har ƙarshen zafi. Bayan nan sito zai nemi kayansa, shi kuma ba ya alkawarin komai. Sai ya tambayi Ustaza yadda ake faɗa, ya juyo ya ce, "Ku sha gahawarku."

Har ƙarshen zafi kawai, Yumma. Ba ni da aiki. Ustaza kuma an ce ba ita za ta je Irbid ba, wani za su ɗauko. Da za ta shiga mota ta miƙo min finjalina na farko, ta wanke shi. Ta ce in riƙe, zafi zai sake dawowa baɗi, kuma yanzu na san yadda ake dire shi.

Nawa na ranar kuwa ya huce, ɗaci kamar me. Na shanye shi tas.

Ki gaida Hamad. Ki ci gaba da addu'a, kar ki tsaya.

'Yarki,
Tarfa, Ummu Sidra