Ɗana Yana Jira A Bayan Shingen Shumaisi

Assalamu alaikum, Malama Na'ima.

Don Allah ki taimake ni ki yi wa 'yata magana. Ni ba mai karanta irin wannan fili ba ne, kuma ban taɓa zaton zan kai shekara sittin da bakwai ina kai ƙarar gidana wurin baƙuwa ba. Amma Khalida tana karanta ki duk mako, tana jin maganarki fiye da tawa, kuma yau kwana goma sha tara ke nan ba ta taka ƙofata ba. Daga unguwarta Aziziyya zuwa tawa, Mansur, ba wata tafiya ba ce. Abinci take aiko mini da direba, kamar wanda ke tsare. Laifina wai na ƙi fita in ga wanta.

Sai na koma baya kafin ki gane. A Makka aka haife ni, kakana ne ya zo ta Chadi da Sudan. Ina saurayi wani kamfani mai aikin magudanar ruwa ya ga ƙwazona, ya tura ni Suwidin karatu. Na yi karatun, na fito injiniya, ba da roƙo ba. A can na auri wata 'yar ƙasar, ta haifa mini namiji. Ni na yi masa kiran salla a kunne, ni na nemo rago a garin da ake kallon mai yanka kamar mahaukaci, na sa masa Hafizu. Uwarsa ta sa masa Emil, ta ce don makaranta.

Yana shekara huɗu mahaifina ya rasu. Na ce wa uwarsa wata uku zan yi in dawo. Na tarar da tsohuwa, da ƙanne mata biyar, da shago, da rikicin iƙama, takardar izinin zama. Ban koma ba. Kada ki tambaye ni dalili, duk wanda ya san zaman Makka ya san yadda shekara ke cinye shekara. Takardar injiniyata tana cikin akwati har yau. Abin da ta jawo mini shi ne duk lokacin Hajji a sa ni shugabancin masu wanke banɗakuna a Arfa, saboda wai na san ruwa. Na sake aure, aka haifi Khalida, uwarta ta rasu shekara shida da suka wuce.

Shi kuwa yaron ya zama ɗan ƙwallo. Ƙwallo, Malama. Ɗan injiniya, jikan mahaddacin Alƙur'ani, yana gudu da gajeren wando a gaban mashaya giya. Yana da shekara goma sha takwas ƙungiyar garinsu ta ba shi kwantiragi, mai tsaron baya ta hagu. Ya yi kakar wasa uku a rukuni na biyu, suka hau babban rukuni, aka sayar da shi wa wata ƙungiya a babban birni. Ta ba da shi aro ƙasar Norway, ta dawo da shi, ta ajiye shi a benci. Ya yi tiyata a gwiwa sau biyu. Duk wannan tsawon lokaci sunan gidan uwarsa ne a bayan rigarsa. Na ga hakan da idona a waya, mako bayan mako, shekara goma sha biyar. Masu sharhi suna kiransa da sunan wani tsohon manomin da bai taɓa yi wa Allah sujada ba, ni kuwa ina zaune a shago ina auna wa mutane shinkafa.

Bara, yana da shekara talatin da uku, ƙafa ta riga ta gaji, wata ƙaramar ƙungiya a nan Saudiyya ta ɗauke shi. Khalida ce ta gano shi, ko shi ya gano ta, ban sani ba, yaran yanzu ba sa shawara. Ta zo tana rawar jiki tana ce mini wai ya ƙi tayin da ya fi wannan a ƙasarsu don kawai ya kasance kusa da ni. Na ce madalla, ƙofata a buɗe take, ya zo ya gaishe ni.

To a nan maganar take. Kin san wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka. A hanyar Jidda akwai shingen bincike a Shumaisi, daga nan hanya take rabuwa. Shi kuwa da aka yi masa iƙama aka tambayi addininsa, da bakinsa ya ce shi ba Musulmi ba ne. Maƙwabcina Mukhtaru ya ce a gaya masa ya furta kalmar shahada kawai a gyara takarda, ai ubansa Musulmi ne, ba wanda zai tsananta bincike. Yaron ya aiko cewa ba zai faɗi abin da bai riga ya yarda da shi ba don ya wuce shinge, wai hakan raini ne gare ni da addinina. Kin ji wayo. Ya ƙi addinin ubansa, kuma ya maida ƙin ladabi.

A tarbiyyar da na samu, ɗa ne ke zuwa wurin uba. Ubana bai taɓa tashi daga tabarmarsa don ya tarbe ni ba, ko ranar da na dawo daga Turai. Saboda haka na ce ba inda za ni. Akwai wani wurin hutawar matafiya kafin a kai shingen, mai shayi da kujeru. Sau uku yana zuwa can ya zauna. Na farko Khalida ta je ita kaɗai. Na biyu ta dawo da riga a leda, rigar sabuwar ƙungiyarsa, an buga sunana a baya. Ta miƙo mini tana hawaye kamar ta kawo kyautar sarki. Shekara goma sha biyar yana da ƙafa, jama'a na tafa masa, sunan wancan tsoho ne a bayansa. Sai da ya zama gurgun da ke ɗumama benci a gaban 'yan kallo ɗari biyu ya tuna da nawa. Na ba mai share layinmu rigar. Yana sa ta yana aiki, ta yi masa kyau.

Na uku shi ne ya kawo wannan rigima. Na ce wa Khalida zan je, don ta daina damuna. Ta sanar da shi, ya zo tun azahar da sandarsa, don gwiwar ta sake tashi. Da mota ta zo ɗaukata sai na ba direba wasiƙa na koma ciki. Da yarensu na rubuta ta, kuma ina tabbatar miki ba kuskure ko ɗaya, bayan shekara talatin ban yi magana da yaren ba. Na lissafa masa rayuwarsa. Wasa ɗari uku da goma sha ɗaya, ƙwallo tara, jan kati huɗu, kofi babu. Ƙasarsa ba ta taɓa kiransa ba ko sau ɗaya. Na tuna masa wasan ƙarshe na gasar kofi, da ya bar ɗan gaba ya wuce shi ta ciki a minti na tamanin da takwas, alhali yaro ma ya san ta waje ake tura mutum. Na ce masa ni aƙalla ƙaddara ce ta karya ni, shi kuwa an ba shi komai, ya tashi a matsakaici, zai ƙare a gurgu. Na rufe da cewa ni ɗana Hafizu ne, kuma ya mutu yana shekara huɗu.

Khalida tana wurin ya karanta. Ba ta jin yaren, amma ta ce ta ga fuskarsa. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ko cire takalmi ba, ta ce: "Baba, ban san kai mugu ba ne sai yau." Tun ranar ban sake ganinta ba.

Amsarsa ta zo ta hannun mijinta. Wai ya gode, bai san akwai wanda ya kalli wasanninsa duka ba, ko uwarsa ba ta yi ba. Wai lissafin daidai ne, kuma wancan minti na tamanin da takwas har yau yana hana shi sukuni. Ƙungiyar ta sallame shi, ya daina ƙwallo, jirginsa ranar Juma'a ta sama. Ranar Alhamis zai zauna a wurin nan daga la'asar zuwa magariba, ba zai sake roƙo ba. Ni a ganina wannan ma wata rashin kunya ce, ɗa yana yanka wa ubansa wa'adi.

Ba ni na kafa shingen nan ba. Ba ni na hana shi Musulunci ba. Ki gaya wa Khalida haƙƙin uba yana gaba da tausayin baƙon da ta sani shekara ɗaya. Ciwon suga yana damuna, idona ya fara rauni, ita kaɗai gare ni.

Naku,
Tsohon Injiniya, Mansur, Makka

*

Wa'alaikumus salam, Alhaji.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ba zan yi wa Khalida maganar da ka nema ba. Da kai zan yi.

Zan fara da inda kake da gaskiya. Uban da ya yi wa jariri kiran salla a kunne, ya wayi gari ɗan ya girma a wajen addini, yana ɗauke da ciwon da ba kowa zai gane ba. Dawowarka don tsohuwa da ƙanne biyar ba abin kunya ba ne. Karatun da ya tafi a banza ma abin baƙin ciki ne, ban raina shi ba. Dokar shiga Makka kuwa tana nan daram, ba wanda ya ce a taɓa ta.

Amma ka duba abin da ka yi da ita. Al'adar da ta ce ɗa ya je wurin uba ta ɗauka cewa ɗan yana iya zuwa. Kai ka san ba zai iya ba, ka ce ƙofa a buɗe take. Ka ɗauki alfarmar Harami ka maida ita maigadin ƙofarka, don kada ka haɗa ido da yaron da ka ce wa uwarsa wata uku. Ka ce ba kai ka hana shi Musulunci ba. To wa ka bari ya koya masa? Yana shekara huɗu malaminsa ɗaya tilo ya hau jirgi. Shawarar Mukhtaru kuma ba ta da kyau, yaron ya fi ku gaskiya a nan. Da ya yi shahadar ƙarya ya shigo, da yanzu kana zaune da munafuki a falonka kana murna. Ka tambayi duk malamin da ka yarda da shi ko addini ya hana uba ya je ya ga ɗansa da ba Musulmi ba. Ka san amsar tun kafin ka tambaya.

Wasiƙar da ka aika masa zalunci ce, ba ni da wani suna da zan ba ta. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyar ana biyansa don ya buga ƙwallo a ƙasar da dubbai ke nema ba su samu ba, ba tare da uba a gefen fili ba, bai gaza ba. Kuma wanda ya ƙi ɗansa ba ya sanin minti na tamanin da takwas. Ka bi shi mako-mako kana auna shinkafa, ka tara duk abin da uba ke tarawa, ranar da za ka miƙa masa sai ka wasa shi ya zama wuƙa. Shi ya gane haka, shi ya sa ya gode maka. Kai ne ba ka gane ba.

Ga abin da za ka yi. Yau ka kira Khalida, ba mijinta ba, ka ce ta zo ta kai ka ranar Alhamis. Kada ka sake aika takarda. Ka isa kafin la'asar, ya tarar da kai a zaune, ka ɗanɗani jira kaɗan. Kada ka yi masa wa'azi, kada ka gyara masa wasan da ya riga ya ƙare. Ka kira shi da sunan da yake amsawa. Da yaren nan da kake alfahari ba ka manta ba, ka ce masa ka yi alkawarin dawowa ba ka dawo ba, kuma abin da ka rubuta game da mutuwarsa ƙarya ne. Idan kana fatan wata rana ya shigo Makka da gaskiyarsa, ka sani daga halinka zai fara karanta addinin.

Ba na yi maka alkawarin zai rungume ka. Yana iya saurara ya tashi ya tafi, kuma haƙƙinsa ne. Amma idan Juma'a ta yi kana kan tabarmarka, ba ɗa ɗaya za ka rasa ba. Khalida za ta ci gaba da aiko da abinci saboda tana tsoron Allah, direba zai ci gaba da ajiyewa a ƙofa, kuma haka za ka ƙarasa.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya sassauta zuciyarka, Ya shirya mana zuriya baki ɗaya. Alhamis ba ta da nisa, Alhaji.

Na'ima