An Soke Ƙuri'un Tungar Aduwa Don Mamaci Bai Sa Hannu Ba

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da ke kula da ma'aikatan zaɓe a yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali da abokan aiki. Ranka ya daɗe, sunana Sa'idu, malamin makarantar firamare ne ni a ƙasar Isa. Ina cikin ma'aikatan wucin gadi da ofishinka ya ɗauka a zaɓen da ya gabata. An tura ni Tungar Aduwa, wani ƙauye can bayan Tozai, a matsayin mataimakin shugaban rumfar zaɓe. Shugaban rumfar kuwa Malam Ummaru ne, hedimastan makarantarmu, wanda ya koya mini karatu ina yaro kafin mu zama abokan aiki. Da ƙafarsa muka tafi tare, gawarsa na dawo da ita. Na sha zuwa ofishinka don in gaya maka yadda aka yi baki da baki, kullum sai a ce mini ka fita. Shi ya sa na rubuta a inda kowa zai gani.

Na ɗaya, halin da aka tura mu cikinsa. Ba sai na gaya maka irin farin da aka yi ba. Ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye bai kai ga ƙosawa ba. Magidanta da dama sun tafi cin rani tun kafin lokacinsa. Rijiyar Tungar Aduwa ta ƙafe, sai mata sun yi tattaki zuwa gulbi sun tona yashi, su zauna jiran ruwa ya taru a ramin. A wajen bitar da aka yi mana, Malam Ummaru ya ɗaga hannu ya yi tambaya a kan ruwan sha da inuwa da motar da za ta dawo da mu, domin ya san garin. Aka amsa masa cewa an tanadi komai. Wasu har dariya suka yi, wai tsoho yana tsoron rana.

Na biyu, ranar zaɓen. Motar ta ajiye mu hantsi ya riga ya yi nisa, direba ya ce zai dawo kafin la'asar. Makarantar da aka ce nan ne rumfar babu rufi, iska ta yaye shi tun bara. Muka ja tebur ƙarƙashin aduwar da ke bakin fili, inuwarta ko teburin ba ta gama rufewa ba. Mun tarar da layi biyu, na maza da na mata, har da Fulanin rugagen da ke kewaye waɗanda suka baro dabbobinsu. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "Ɗana, yau mun bar ɗibar ruwa don ku. Ku yi muna da sauri." Ban manta da wannan maganar ba, domin ranar da mace ba ta je gulbi ba a garin, gidanta ba a ɗora tukunya.

Saurin bai samu ba. Na'urar tantance masu zaɓe tana yin zafi sai ta ɗauke, mu lulluɓe ta mu jira ta huce. Ɗan ruwan da muka saya da kanmu ya ƙare kafin azahar. Maigari ya aiko mana da ƙwarya guda ta ruwan gulbi, ja kamar an dama ƙasa, muka raba da ɗan sandan da aka haɗa mu da shi. Malam Ummaru yana da hawan jini, kuma ya sanar da haka tun ranar da aka ɗauke shi aikin. Da na ga idanunsa sun kaɗa, yana dafe kai, na roƙe shi ya je zauren maigari ya kishingiɗa ni in riƙe wurin. Ya ce, "Sa'idu, an ce shugaban rumfa ba shi barin akwati. Ba ni tashi sai mutanen ga sun ƙare." Bai tashi ba kuwa, sai da mutum na ƙarshe ya dangwala yatsansa.

Na uku, yadda ya mutu. Mun zube ƙuri'u a gaban jama'a muna ƙirga, yana ɗaga kowace sama yana faɗin inda ta faɗa. Mun gama ke nan, na cike takardar sakamako, wakilan jam'iyyu sun sa hannu, na miƙa masa alƙalami. Alƙalamin ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, ya sulale gefen tebur. La'asar ta wuce, babu mota. Babu sabis ɗin waya a garin, kuma ofishinka ya san da haka. Masu babura sun sayar sun sayi hatsi, guda ɗaya da ya rage babu mai a cikinsa. Arɗo Manu, shugaban Fulanin wurin, shi ya kawo shanun huɗarsa aka ɗaura wa amalanke. Shanun ana ƙirga haƙarƙarinsu, su yi taku kaɗan su tsaya suna haki.

Haka muka ɗora Malam muka kama hanya, kansa a bisa cinyata, akwatin zaɓe tsakanin ƙafafuna, ɗan sandan yana binmu a ƙasa. Ina jiƙa bakin rigata da ragowar ruwan gorar Arɗo ina goga masa a leɓe, ina laƙana masa kalmar shahada. Ba mu kai Tozai ba rai ya yi halinsa. Arɗo ya tsayar da shanun, ya rufe masa ido, ya cire rawaninsa ya lulluɓe shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga baya direban motar ya gaya mini da bakinsa cewa an karkatar da shi ne zuwa yawo da wasu manyan baƙi a rumfunan cikin gari. Ban ce ajalin Malam zai wuce ranarsa ba. Amma da motar ta zo, da a gadon asibiti zai cika, kusa da iyalinsa.

Na huɗu, abin da ya fi ci mini rai. Bayan na sada gawar da gida, na ɗauki akwatin a ka zuwa wurin tattara sakamako, rigata da ƙura da jinin da ya zubo masa ta hanci. Wanda ke karɓa ya duba takardar, ya ce babu sa hannun shugaban rumfa. Na ce ya rasu. Ya ce Allah ya jiƙansa, amma babu sa hannu. Na nuna masa na wakilan jam'iyyu duka, na ce ga ɗan sandan da ya ga komai, na ce ni mataimakinsa ne a bar ni in sa. Ya ce ba shi da wannan umarnin, kuma mun makara. Aka ture akwatin gefe, aka soke ƙuri'un Tungar Aduwa gaba ɗaya. Ranka ya daɗe, ashe a duk tsarinku babu abin da aka tanada idan ma'aikaci ya faɗi a bakin aiki? Ko akwai, ba a koya wa kowa ba?

Na biyar, shirun da ya biyo baya. Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki, ko masinja bai zo daga ofishinka ba. Sai a rediyo muka ji an ce zaɓe a yankinmu ya gudana lami lafiya. Mutanen Tungar Aduwa kuwa da ƙafa suka zo ta'aziyya, har da ɗan geron da suka harhaɗa a irin wannan shekara. A nan maigari ya ji an soke ƙuri'unsu. Ya ce ba ya jin zai iya sake tara mutanensa a layi.

Don haka ina roƙon abubuwa kamar haka. A bincika wanda ya ba da umarnin karkatar da motarmu, a faɗi sunansa. A bayyana wa mutanen Tungar Aduwa a garinsu dalilin soke ƙuri'unsu, kada a bar mini wannan nauyin. Kada a sake tura ma'aikaci ƙauyen da ba ruwa ba waya sai da ruwa da inuwa da abin hawan da zai tsaya tare da shi har a tashi. A kuma fito da ƙa'ida ƙarara a kan wanda zai sa hannu idan shugaban rumfa ya kasa. Ba za ni daina wannan magana ba sai an amsa mini.

Roƙona na ƙarshe, ka taka da kanka zuwa gidan mamacin. Matarsa, Inna Abu, tana cikin takaba. Duk ranar da na je gaishe ta tambaya ɗaya take yi mini ta bayan labule: "Sa'idu, an dai karɓi aikin nai ko?" Har yau ban iya ba ta amsa ba. Kai ya kamata ka ba ta.

Allah ya jiƙan Malam Ummaru, ya sa ya huta. Kai kuma Allah ya ba ka ikon riƙe amanar da ke wuyanka, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya kuma ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naka,
Sa'idu, malamin firamare a ƙasar Isa.