Bindigar Mijin Yayata Ta Sa An Kore Ni Daga Fili

Zuwa ga Kawu Vern,

Don Allah ka taimake ni da shawara. Yau kwana tara ke nan ina juya maganar nan a raina, na rasa wanda zan gaya wa, domin duk wanda na sani a garin nan, ko dai ɗan'uwan wanda ya cuce ni ne, ko abokinsa, ko mai cin kifin da yake soyawa. Na zauna ne da niyyar in tambaye ka wace bindigar fenti ta dace da mai dala ɗari uku kacal, amma ka yi haƙuri, sai na fara faɗin abin da ya faru.

Ni mace ce, shekarata arba'in da shida, direbar bas ɗin makaranta. Ban taɓa riƙe bindiga ba, ko ta farautar barewar da kowa ke yi a nan. A watan Yuni abokan aikina suka ja ni filin harbin fenti na bayan gari, tsohuwar gonar shanun da wata mata mai suna Darlene ta mayar wurin wasa, inda ake harbin juna da 'yan ƙwayoyin fenti masu fashewa a jiki. Na je ne don in tsare musu jakunkuna. Kafin rana ta yi tsaka ina kwance cikin taɓo a bayan tarin ciyawa, ina dariya har da hawaye. Rabon da in yi irin dariyar nan tun kafin mu rabu da mijina. Na koma sau shida, kullum da kayan haya, dala hamsin da biyar duk zuwa, ga garkuwar fuska mai warin gumin wani, gilashinta kuma da ka yi numfashi sai ya rufe da hazo. Sai na ce gara in mallaki nawa. Da jigilar 'yan ƙwallo da nake yi bayan tashi daga aiki na tara ɗari ukun.

Mai shagon kayan wasa ya haɗa mini kaya: bindiga sabuwa amma mara kwalliya, irin wadda ba ruwanta da batir, da tukunyar iskar da ke tura fentin, da garkuwa mai gilashi biyu. Duka ɗari biyu da arba'in. Saura kaɗan in biya, sai tsautsayi ya sa na ba da labarin a gidan yayata Joleen muna cin abincin Lahadi.

Mijinta Rollie shekara ashirin yana wasan nan. Shi ne jagoran 'yan wasan garinmu, shi ke soya kifi a coci ran Juma'a, kuma tsakanina da shi tsokana ce tun ranar da ya auri yayata. Ya yi dariya har ya ƙware, wai, “Direba, da ki sayi wannan tarkacen ai gara ki ɗebi tumatir ki dinga jifa.” Ya sauka ɗakin ƙasa ya fito da tsohuwar bindigarsa ta lantarki, baƙa, mara nauyi, wadda ya ce sabuwarta ta kai ɗari bakwai. Zai bar mini ita ɗari biyu da sittin har da tukunya. Na ce to garkuwa fa, arba'in ce za ta rage mini. Wai in sayi kowace iri, ai fuskar tawa ba wata ta a zo a gani ba ce. Muka yi dariya, aka tsayar zan gwada ta ran Asabar kafin in biya.

Asabar ɗin an tashi da sanyi, kowa ya jibga riga a kan riga. Dokar Darlene ita ce kowace bindiga sai ta yi harbi uku a kan na'urar awon gudu kafin a shiga daji, kuma kada ta wuce ƙafa ɗari biyu da tamanin a sakan. Tawa ta nuna ɗari biyu da saba'in da biyu, aka ɗaura mata jan zare, shaidar ta wuce. Sai Rollie ya karɓe ta, wai bari ya duba mini batir. Ya zagaya bayan motarsa, bai fi minti biyu ba ya dawo ya miƙa mini. Har godiya na yi masa, Kawu.

A wasa na biyu wata mata mai suna Lorna, wadda 'ya'yanta biyu ke hawa bas ɗina kowace safiya, ta leƙo daga bayan itace. Tsakaninmu bai fi taku goma sha biyar ba. Na taɓa kunama, ƙwaya uku suka fita. Ka san yadda ake yi, wanda aka harba ya ɗaga hannu ya ce ya fita, ya ɗan zage ka da wasa. Lorna kuwa durƙushewa ta yi ta dafe wuya. Da aka busa usur aka fito da ita, sai ga wuyanta ya fashe, jini ya cakuɗe da fenti yana gangarowa cikin rigarta. Gilashin garkuwarta ya tsage daga sama har ƙasa, daidai saitin idonta na hagu. Na kasa ko matsawa kusa da ita.

Darlene ta fizge bindigar daga hannuna ta kai ta kan na'ura. Ɗari uku da hamsin da ɗaya. Na ce wallahi na'urar ce ta lalace. Ta gwada ta wani, daidai. Ta sake gwada tawa, ɗari uku da hamsin da huɗu. A gaban mutum kusan arba'in ta yanke jan zaren, ta ce mai murɗa bindiga ya ƙara mata gudu bayan awo ba shi da wuri a gonarta, kada ta sake ganin ƙafata sai bayan shekara guda. Na waiwaya ina neman Rollie ya yi magana. Yana tsaye wajen masu gasa nama, da burodi a hannunsa, ya zuba wa takalminsa ido.

A mota muna komawa gida ne ya sa hannu cikin safarsa ya zaro wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe na murɗa noti. Wai, “Rabin murɗi ne kawai, Direba. In ana sanyi fenti ba ya fashewa a jikin masu manyan riguna, tsalle yake yi, ki harbi mutum ya ce bai ji ba. Kowa na yi.” Ya ce so ya yi in ci wasa a ranar farko don bindigar ta shiga raina, ya manta ita wannan saurin hawa gare ta. Sannan, ka ji abin mamaki, ya ce tunda abin ya zo a haka ya rage mini, in kawo ɗari biyu. Na yi ta kallonsa kamar ban taɓa ganinsa ba. Mutumin da ke riƙe hannuna a teburi muna addu'ar cin abinci, ashe shekaru yana yawo da wannan ƙarfe a safa.

Ran Litinin Lorna ta rako yaranta bakin titi da bandeji a wuya. Na gaishe ta, ta kau da kai. Daga Talata da kanta take kai su makaranta, kullum sai in tsaya a ƙofar gidanta in buɗe ƙofa ba kowa. Wata uwa ta tambayi abokiyar aikina ko gaskiya ne na kusa tsiyaye wa mutum ido da gangan. Shekara goma sha huɗu iyayen garin nan suna damƙa mini 'ya'yansu, yau ni ce maƙetaciya.

In na faɗi gaskiya, Darlene za ta kori Rollie har abada, kuma gari zai ɗauka. Joleen ba ta san komai ba, ita da ta yi jinyar mahaifiyarmu shekara uku ita kaɗai. Shi ma Rollie ɗin, lokacin da injin ɗumama gidana ya mutu a tsakiyar Janairu, shi ya kwana biyu yana gyara, ko kuɗin mai bai karɓa ba. Ga bikin godiya na shekara da dangi ke taruwa saura mako huɗu, a gidansu ake yanka talotalo. Kuma ga abin kunyar da ban gaya wa kowa ba: bindigar tana nan a bayan ƙofata, kuma har yanzu ina son ta. Ban taɓa riƙe abu mai daɗin hannu irinta ba, ga shi ɗari biyu za ta bar mini kuɗin garkuwa mai kyau. Akwai wani fili tafiyar awa ɗaya daga nan inda ba wanda ya san ni. In saya in yi shiru in koma can, ko yaya zan yi?

Taka,
Wadda Aka Yanke Wa Zare

Amsa

'Yar'uwa, na karanta wasiƙarki sau biyu, a na biyun sai da na ajiye kofin da ke hannuna. Na yi alƙalancin wasan nan shekara goma sha bakwai, na kama masu goge fenti da hannun riga, na kama masu ƙarin gudu, amma ban taɓa jin wanda ya murɗa bindiga ya miƙa wa sabuwar 'yar wasa ba tare da ya gaya mata ba. Ƙafa ɗari uku da hamsin ya wuce abin da aka yarda a harba wa garkuwa a kowane fili. Kuma ba kowa ke yi ba. Masu yi ne ke cewa haka.

Bari in fara da tambayar da kika zo da ita, tunda ita ce mai sauƙi. Kada ki sayi wannan bindiga, ko da dala hamsin ce. Shi da bakinsa ya ce saurin hawa gare ta, wato abin da ke daidaita iskarta ya gaji, kuma ke ba ki iya gyara ba tukuna. Ban kuma ji kin ce kin duba kwanan watan da ke jikin tukunyarsa ba. Yawancinsu duk shekara biyar ake sake gwada su, in ta wuce ba fili mai hankali da zai cika miki ita. Mai shagon nan bai cuce ki ba. Mai ɗari uku garkuwa yake fara saya, mai gilashi biyu wadda ta zauna masa daidai a fuska, ko da za ta cinye sittin ko saba'in, domin mai hazo a ido shi ke ɗaga garkuwa a tsakiyar wasa. Bayan ita sai bindiga mara batir wadda za ki iya kwancewa a kan teburin kicin ki wanke ki mayar, sai sabuwar tukunya. Abin da ya rage ki bar wa fenti, shi ne zai ci miki kuɗi duk wata. Za a yi miki dariya da bindigar masu koyo, ki bari a yi.

Yanzu mai wuyar. Ban ɗauki Rollie shaiɗan ba. Na yarda bai yi nufin a ji wa kowa ciwo ba, na yarda ya gyara miki injin ɗumi da zuciya ɗaya, kuma mai yiwuwa tsoro ne ya ɗaure masa baki a wajen gasa naman nan, domin mutum kan daskare in ya ga abin da hannunsa ya jawo. Amma ya samu kwana tara ya narke, abin da ya iya kawo miki ragin dala sittin ne. Wannan ba ragi ba ne, kuɗin shirunki ne, kuma ya yi wa sunanki araha ƙwarai.

Ke ma da ɗan naki. Bindigar da aka auna ba ta barin hannun mai ita, in ta bari sai a sake aunawa. Ba ki sani ba, ba zan ɗora miki da yawa ba, amma yatsanki ne ya taɓa kunamar. Don haka ki fara da Lorna. Ki je gidanta da kanki, ki tambayi wuyan, ki ce za ki biya gilashin da ya tsage, ki ba ta haƙuri ba tare da dogon bayani ba. Ki gaya mata ba ke kika murɗa ba, kuma cikin mako guda za ta ji sauran. In ta rufe miki ƙofa, tana da hakki.

Maganar komawa wani fili ki cire ta. Ke za ki ɓuya, shi kuma Asabar mai zuwa yana daji da ƙarfensa a safa, ga 'ya'yan mutane a gabansa da garkuwar haya. Wannan shi ne abin da ba zan iya ba ki izinin yin shiru a kai ba, ko don Joleen. Sai dai kada ki bi ta bayansa, kada kuma ki ɗora wa yayarki kayan. Ki mayar masa da bindigarsa hannu da hannu, ki gaya masa ran Asabar da ƙarfe takwas za ki je wurin Darlene, kuma kin fi son ku je tare ya faɗa da bakinsa. Masu fili sukan sassauta wa wanda ya kawo kansa, korar shekara ɗaya ko biyu, ba kamar wanda aka tona ba. Ki kuma ce masa gara matarsa ta ji daga gare shi kafin ranar.

Ba zan yi miki alkawarin gidan yayarki ba zai yi tsami ba. Zai yi, wataƙila har a daɗe. Ran Asabar ki tsaya a ƙofarsa da motarki, ki ba shi minti biyar. In ya fito ya shiga, kin samu ɗan'uwan da kika zaci kina da shi, ki riƙe shi da kyau, kada ki goranta masa. In bai fito ba, ki share hawayenki ki ja mota, ki je ki faɗi abin da kika sani.

Allah ya ba Lorna lafiya, ya ba ki ƙarfin zuciya, ya mayar da ke fili da fuskarki a sake.

Naki,
Kawu Vern