Ƙeyar Ladi

Litinin, 6 ga Oktoba 2025
Samira ƴar Garba mai faci ta dawo daga Yamai da tabarau a goshi. Wai mai zane ce, har ƙasar waje an rataye aikinta, tana kuma rubutu a jarida a kan zanen mutane. Yarinyar da ni na koya wa riƙon buroshi! Ita aka ɗora ta zaɓi wanda zai zana bangon sabon gidan mata na Tanut. Shekara ashirin da biyu, ba bangon da aka zana a garin nan ba da hannuna ba.

Laraba, 8 ga Oktoba
Na ga abin da ta rubuta a kaina a waya. "Matan da Mato ya zana a bango arba'in da ɗaya na ƙirga daga tasha zuwa makarantar lakwal. Duk a duƙe: daka, shara, jan guga. Ƙeyarsu kaɗai muka sani." Masu shayi har sun haddace. Na zo wucewa wani ya duƙa ya juya mini baya. Allah ya isa.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Ta zo rumfata. "Baba Mato, kawo min mace guda a tsaye tana kallonmu kafin Juma'a ta sama. In ba haka ba, bangon na wata ne daga Damagaram." Na ce matan ƙasarmu ta Damargu a duƙe na gan su. Ta ce, "Da ka jira sun ɗago." Na tsani yarinyar nan. Na rubuta don kar in manta.

Asabar, 11 ga Oktoba
Na bi na ƙirga da kaina, arba'in da uku ne. Ko ƙirgar ba ta iya ba.

Talata, 14 ga Oktoba
Matata Ladi zan zana in rufe wa Samira baki. Da ka zan zana ta, a rumfa. Me zan duba a fuskar da nake gida ɗaya da ita shekara goma sha tara? Ɗankwali ya fito, kafaɗa ta fito. Fuskar sau huɗu ina gogewa.

Laraba, 15 ga Oktoba
Na kai gida. Ladi na tankaɗe, ta leƙa ta ce, "Wace ce?" Na ce ke mana. Ta yi wata dariya marar daɗi. "Malam, tsagata uku ce kowane kunci. Biyu ka sa." Na yi gardama, ta ɗago fuska. Uku ce.

Juma'a, 17 ga Oktoba
Ban kai komai ba. Ta Damagaram aka ba bangon, su je su ci. Ina nan kan bakana, Samira ba ta da tarbiyya.
Da hantsi na ce Ladi ta aje tsintsiya ta tsaya a bakin ɗaki, don dai na kaɗa fenti kar ya bushe a banza. Ta rasa inda za ta sa hannuwanta. Akwai ɗan tabo a gefen girarta ta hagu. Na ce yaushe kika ji wannan ciwon?
Ta ce da shi aka kawo ta gidana.