Bindigarka Tana Caji Ofis, Malam

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga maigidana, Malam. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Na san ba kai za ka karanta wannan ba, waɗansu ne za su karanta. Amma tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa yanke wata babbar shawara ban faɗa maka ba, kuma ban iya sabon hali da tsufa ba.

Na fita takaba. Gida lafiya, jikoki lafiya. Ni ce dai ba na iya zama wuri ɗaya. In na zauna a tsakar gida sai in tashi in shiga ɗakinka, in na shiga sai in rasa abin da ya kawo ni.

Maganar bindigarka ce, mai baki biyun nan.

Ka tuna yadda kake sauko da ita daga saman sif in damina ta wuce, ka shimfiɗa tsumma a gindin darbejiya, ka ce in ara maka man keken ɗinkina? Kana gogewa kana korar yara. Tun kana aikin malamin dabbobi, kana zagaya rugage kana yi wa shanu allura, ka yi mata lasisi, kuma shekara ba ta taɓa juyowa ba ka je ka sabunta ba. Ban san ta kashe komai ba sai zabin daji da fakara. Kakan ce, "Wannan ba tawa ba ce ni kaɗai, Hajiya, ni da hukuma muke riƙe da ita." Ina jin ka ne kawai, ban san wata rana maganar za ta faɗo kaina ba.

Da aka zauna rabon gado, malamin da ya zo ya bi komai daki-daki: gida, gonar hanyar Dutsi, tumaki, har agogonka. Da aka zo kan bindiga sai Abba, babban ɗanka, ya ce a sa masa ita cikin kasonsa. Ƙannensa mata ba su ja ba. Ƙaninka Sani ne ya ɗaga hannu. Ka san shi da sanin doka tun da ya yi aikin kotu. Ya ce ƙarfen dai dukiya ce, ana gadonsa, amma lasisi ba a gadonsa, ya bi mai shi kabari. Duk wanda aka kama da ita yanzu, ko ɗan cikinka ne, gidan yari za a kai shi. Ya ce hanya ɗaya ce, a kai ta wurin 'yan sanda su ajiye, magajin da yake so ya nemi izini da sunansa. Malamin ya ce haka ne, a sa ta a kason Abba, amma kada ta shiga hannunsa sai hukuma ta yarda.

Abba ya tashi ya fita. Ka san halinsa, irin naka ne.

Ba na ganin laifinsa, Malam. Duk Lahadi yana hawa babur ya tafi kasuwar Mai'adua sayen dabbobi, kuma ba kullum yake bin titi ba, wani lokaci sai ya ratsa ƙauyuka. Watannin baya aka tare abokin cinikinsa a hanya, aka sassare shi, har yanzu hannunsa ɗaya ba ya ɗaguwa. Abba ne ya ɗauko shi ya kai asibiti. Tun ranar idonsa ya canza.

Wata Lahadi, ina cikin takaba, na shiga share ɗakinka da hantsi. Na ɗaga kai sai na ga bargon da kake naɗe ta a ciki ya kwanta shafal a saman sif. Na taka kujera na laluba. Babu.

Ban taɓa ganin yini mai tsawo irin wannan ba. Ba ni da halin fita. Na kira wayarsa ba ta shiga. Sai in tuna shingayen jami'an tsaro da ke hanyar nan ta iyaka, in ga an buɗe buhun da ya ɗaure a bayan babur, an sa masa ankwa. Kafin wannan ya wuce sai in ga ɓarayi sun tare shi, ya zaro ta, su kuma nasu makaman sun fi nasa. Na ɗora tukunya na ƙone miya. Na yi sallar la'asar ban san raka'a nawa na yi ba.

Ya dawo kafin magariba, lafiya lau, ya mayar da ita inda take. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Umma, ta ubana ce, ba sata na yi ba."

Washegarin fitata takaba na kira Sani. Na naɗe ta da hannuna, muka shiga Keke Napep, tana kwance a kan cinyata. Tana da nauyi, ashe. Shekaru ina kwana gida ɗaya da ita ban taɓa ɗaukarta ba. A caji ofis suka karɓe mu da mutunci, suka duba lasisinka da takardar rasuwarka, suka ƙirga harsasan, suka ɗaura mata ƙyalle da sunanka, wani ya shige da ita ciki. A nan ne na ji kamar an sake fita da kai.

Yanzu Abba daga bakin ƙofa yake gaishe ni, a tsaye. Tuwon da nake aika masa, matarsa ce take dawo da kwanon ba a ko taɓa ba, tana sunkuyar da kai. Kuma har yanzu yana zuwa Mai'adua, hannu wofi. In wani abu ya same shi a hanya, Malam, me zan ce maka? Me zan ce wa 'ya'yansa?

Shekaranjiya ya shigo har cikin ɗakina, ya durƙusa, ya ajiye takarda a gabana. Ya fara neman izini da sunansa, kuma ana son sauran magada su sa hannu cewa sun amince. Ƙannensa duk sun sa, saura ni. An ce masa takardar za ta je Katsina, daga can ta wuce gaba, kuma a wannan zamani da wuya a bayar. Ya ce, "Na bi hanyar da kuka ce, Umma. Kada ki tare ta kuma."

Na daɗe ina juya takardar a hannu. Na so a ce kana nan ka ɗauke mini wannan. Yau da safe na sa hannu, domin haƙƙinsa ne, kuma ta ƙofa ya biyo. Da ya karɓa ya ɗan zauna, ya sha kokon da na dama.

Sai dai ga inda na tsaya, abokin zamana. Na ɗaga hannu zan yi addu'a na rasa me zan roƙa, a ba shi ko a hana shi.

Ya Allah, Kai ne Ka san wanda ya fi alheri, Ka zaɓa wa yaron nan, Ka tsare shi a tafiyarsa da dawowarsa. Ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Ka gafarta wa Malam, Ka yalwata kabarinsa, Ka haɗa mu a Aljanna Firdausi. Amin.

Wassalam.

Taka har kullum,
Maman Abba,
Daura.