Jakar yashin da aka ɗaura wa Baba a ƙafa

Daga admin: wani dattijo a cikinmu ne ya turo wannan, ya ce a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon bayanin, abin ya samo asali ne tun shekarun baya, in ban faro daga can ba ba za ku gane inda na tsaya ba. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Ni ɗan fansho ne, na yi aikin gidan rediyo, yanzu ina zaune a Kalgo kusa da yayana. Gwiwoyina sun sa ni gaba, a kan kujera nake sallah, goshina ya daɗe bai taɓa ƙasa ba. Likitan da ya duba hoton ƙashina ya ce ba a kai ga yin aiki ba tukuna, amma in ban shiga motsa jiki a hannun wanda ya san kan abin ba, gwiwar za ta ci gaba da ƙagewa har ta kai inda ba ta dawowa. A duk kusa da mu wuri ɗaya ake tara masu ciwon gaɓoɓi ana yi musu wannan, mai jagorantarsa kuwa ɗan mutumin da gidanmu yake zargi da nakasa mahaifinmu ne.

Mahaifinmu manomin shinkafa ne a Malisa, ƙasar Gwandu. Tsayuwa cikin ruwan fadama ta sa masa sanyin ƙashi, amma yana tafiya da ƙafarsa, yana nomansa, yana sujada ko da yake sai ya dafa ƙasa kafin ya miƙe. Yana da wani ɗan goggonsa, Baffa Garba, wato taubashinsa. Wanda ya tashi a wajenmu ya san yadda taubasai suke, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa, a yi zagi a yi gori a gaban mutane, kuma ba a yarda ɗaya ya yi fushi ba, wanda ya ɓata rai shi ya faɗi. Baffa Garba ya yi aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti a Sakkwato. Wajen lokacin da aka ƙirƙiro jiharmu ya ajiye aiki ya dawo Gwandu, ya fara tara tsofaffi a barandar wata firamare ranakun da babu karatu, da hantsi. A zauna a benci a miƙe ba tare da dafawa ba, a ja robar tayar keke da hannu, a kwanta a tabarma a ɗaga ƙafa da 'yar jakar yashi ɗaure a idon sawu. A lokacin abin baƙo ne, mutane suna tsayawa a bakin katanga suna dariya, wai tsofaffi sun koma firamare. Amma gaskiya wasu sun amfana, na san wani masunci da hannunsa ba ya wuce kafaɗa, ya dawo yana jefa birgi, wato ragar kamun kifi.

Zan raba abin da na gani da idona da abin da aka faɗa mini. Abin da na gani shi ne, na zo hutu gida na ɗauki Baba a babur na kai shi wurin. Dokar Baffa Garba ita ce, in ciwo ya zama mai suka a tsaya nan take. Na lura in ya zo kan sauran tsofaffin yana durƙusawa, ya riƙe gwiwar, ya yi tambaya a hankali yana kallon fuskar mutum. Da ya zo kan Baba sai ya tsaya a kansa ya ce, "Bawana, in ta yi ma zahi ka hwaɗi, kar ka mace mani nan a ce in biya gawa." Baba yana kwance gumi yana bin wuyansa ya ce, "Wane zahi? Kai da allura ke sa ka kuka za ka koya mani jimiri? Wuce ka duba ragwaye irinka." Kowa ya yi dariya, Baffa Garba ya wuce. Na kuma lura jakar da ke ƙafar Baba ta fi ta kowa girma, ba kaɗan ba. Da aka tashi na tambaya wa ya cika ta haka. Baffa Garba ya ce, "Tambayi tsohonka, shi ka ƙara yashi in na juya baya." Baba ya ce, "Ƙarya yake, wanga bawa ne ya ɗora mani don ya ga ƙarshena." Dukansu suna dariya, ni ma na yi dariya, na koma bakin aikina.

Sauran labarin ji na yi. Kafin damina gwiwar Baba ta kumbura, yana ɓoye ta cikin wando, kuma bai fasa zuwa ba. Sai ranar da ya tsuguna alwala ya kasa tashi, Innarmu ta ɗaga wandon ta gani. A asibiti aka zuƙe ruwa, aka ce an ɗora wa gaɓar abin da ya fi ƙarfinta. Tun daga nan ƙafar ba ta sake lanƙwasuwa ba, a zaune ya yi sallah har Allah ya karɓi ransa. Daminar nan bai shiga fadama ba, ni ina birni, yayana Shehu yana kasuwancinsa a Kalgo, sai dattawa suka ce a ba wa ƙanen Baffa Garba aron fadamar tunda shi ne na kusa mai hannun noma. Har yau tana hannun 'ya'yansa, aro ne a baki, amma babu wanda ya taɓa maganar mayarwa.

Yaya Shehu bai taɓa shakka ba. A wajensa an shirya abin ne, kuma yana da hujja, domin shekara guda kafin a fara motsa jikin, wannan ƙanen na Baffa Garba ya nemi Baba ya yanka masa gefen fadamar, Baba ya hana. Yaya ya je ya sami Baffa Garba bayan ƙafar Baba ta nakasa, aka yi maganganu marasa daɗi. Baffa ya rantse cewa ya sha rage yashin, Baba yana ƙarawa. Yaya ya ce wanda ya yi shekaru a asibiti, in ya ga kaya ya fi ƙarfin ƙafa, kwancewa zai yi ya hana. Baffa ya ce da ya kwance a gaban mutane, da ya ce wa duniya taubashinsa rago ne, kuma Baba ba zai sake taka wurin ba. Yaya ya ce ai da hakan ya fi, da yana nan da ƙafarsa. Tun ranar gaisuwa kawai ke tsakaninsu.

Ni kuwa na kasa tsayawa wuri ɗaya. Innarmu ta taɓa ce mini ta sha samun yashi a aljihun rigar Baba in za ta yi wanki, amma da na sake tambayarta bayan shekaru sai ta ce wane manomi ne aljihunsa ba ƙasa. Kuma Baffa Garba bai guje mu ba, yana hawo kekensa har Malisa ya gasa wa Baba gwiwar da ruwan zafi ya murza, Baba bai taɓa hana shi ba, suna yi suna zagin juna. Yaya ya ce wannan kunya ce ta mai laifi, ni na ce ko kuma zumunci ne, babu yadda za a bambance daga waje. Da ciwon ajali ya kama Baba na zauna da shi mu biyu, na ce Baba ba wasa nake ba, wa ya ƙara yashin nan. Ya dube ni ya ce, "Bawan nan ya so kashe ni, Allah bai ba shi sa'a ba," ya yi murmushi ya juya fuska. Na yi shekaru ina juya wannan magana. In da wani ya faɗa a kan wani, ƙara ce. A bakin taubashi kuwa, ita ce gaisuwarsu ta kullum.

Yanzu ga inda muke. Baffa Garba yana raye, ya tsufa sosai amma hankalinsa garau, yana zaune a Kalgo wajen ɗansa Sanusi. Sanusi ya yi karatun gashin ƙashi sosai, shi ne yake tara mutane a harabar wani ɗakin shan magani, maza da ranarsu mata da ranarsu. Na je ba tare da Yaya ya sani ba, da niyyar in tsaya daga nesa in duba. Na ga aikinsa da tsari, nauyin da ake ɗaurawa na kanti ne, kowanne da girmansa, ba mai iya ƙara komai a ciki. Amma yana hango ni ya ɗaga murya ya ce, "A'a, ga bawan gidanmu da sanda. Ashe ƙafar gado ce a gidanku, ku matsa masa benci kar ya zube." Wasan iyayenmu ya gangaro kanmu, haka al'adar take, mutane suka yi dariya, ni ma na rama na ce ɗan mai murza ƙafa ya samu wuri. Ya zaunar da ni ya danna gefen gwiwar da babban yatsa ya ce nan fa, akwai zafi? Jama'a, zafin har cikin kaina na ji shi, amma abin da ya fito daga bakina shi ne babu komai. Ya ce madalla, ashe da sauranka, ya wuce.

Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Da farko ina tsoron ɗan Baffa Garba ne, yanzu ban san wa ya fi ba ni tsoro ba, shi ko bakina. Kuma maganar da ya yi ta ƙafar gado ta tsaya mini, wanda ya san abin da ake zargin ubansa da shi, da wannan zai tare ni? Ko bai san zancen ba ne, ko kuma ya sani sarai. Matata ta ce in kira shi gefe in ce mu ajiye wasa a wajen magani. Amma a wajenmu in ka ce wa abokin wasa a daina, ka gaya masa akwai abu a ranka ke nan, kuma duk dangi za su san mene ne abin. Na yi tunanin in je in tambayi tsohon kai tsaye tun yana da rai, sai na ga amsar da ya ba Yaya ita zai ba ni, ko ya mayar da ni wasa, kuma tambayar kanta tuhuma ce ga mutumin da ƙafarsa ɗaya ke kabari. Yaya kuma labari ya kai masa, bai yi faɗa ba, cewa ya yi shi ba zai hana ni ba, amma ranar da na kwanta a tabarmar Sanusi na shaida wa gari cewa ubanmu ne ya nakasa kansa. Zuwa Birnin Kebbi a kai a kai kuwa jikina ba zai ɗauka ba, na gwada, zaman motar kaɗai yana kwantar da ni.

To don Allah masu ilimin addini da ma'aikatan lafiya da ke cikin zauren nan, da duk wanda ya san wasan taubasai daga ciki, ku faɗa mini. In miƙa ƙafata ga gidan da ban wanke daga zargi ba, alhali ban ma amince zan iya cewa ya yi zafi a gabansa ba? In yanke wasan in ɗauki abin da zai biyo baya a dangi? Ko in bi yayana in zauna a kujerata, in haƙura da sujada kamar yadda aka ce lalura ta halatta? Sanusi ya aiko cewa ranar Asabar zai biyo da mota ya ɗauke ni, wai kada bawansa ya wahala a hanya. Ban ce masa to ba, ban kuma ce a'a ba.